Yadda Ake Rubuta Sunayen Tsirrai da Hausa

  Barka ga mutanen Gazara da Gimi da Gubuci. Barka ga masu rake da masu mazarƙwaila na ƙasar Maƙarfi, da 'yan lambun Hunƙuyi da Kudan, da manoman tumatir na Ikara. Shirin yau a kan sunayen tsirrai yake, musamman yadda ake rubuta su.

Wani zai ce, to mene ne abin wahala a rubuta kuka ko tsamiya? A dai saurara. Sunan tsiro yanzu ya bar baki ya hau takarda. Yana jikin buhun iri. Yana jikin kwalbar maganin gargajiya. Yana cikin littafin ɗan firamare, da takardar malamin gona, da saƙon da ake turawa ta waya. Wanda ya faɗi suna da baki, in ba a gane ba, sai a sake tambayarsa, ko ya nuna da yatsa. Wanda ya rubuta kuwa ba ya wurin lokacin da ake karantawa. Abin da ya sa a takarda shi kaɗai zai yi magana a madadinsa.

Za a fara da baƙaƙe masu lanƙwasa. Sai babban baƙi da ƙarami, sai raba kalma da haɗa ta. Daga nan a shiga wurin da ya fi nauyi, wato tsiro ɗaya mai suna da yawa. A ƙarshe a taɓo sunan kimiyya da sunan iri.

To, ga kashi na farko: baƙaƙe masu lanƙwasa.

A ɗauka damina ta kusa. Wani manomi a Gazara ya tura wa ɗansa da ke karatu a Zariya saƙo ta waya, ya ce ya sayo masa irin kuɓewa. Masu sauraro, ku lura da kyau. Abu biyu ne kawai ya raba kuɓewa da kabewa a rubuce. Wasali ɗaya, da lanƙwasa ɗaya a kan ɓa. In manomin ya jefar da lanƙwasar, saura wasali ɗaya tak. Yatsa ya ɗan zame a kan waya, shi ke nan. Yaro ya dawo da irin kabewa, alhali uban ya gyara fili ne don kuɓewar da za a yanka a shanya, ta kai gida har bazara.

Baƙaƙen nan uku ne: ɓa, ɗa, ƙa. Sai na huɗunsu, 'ya, irin na 'ya'yan itace. Sunayen tsirranmu cike suke da su. Ɗorawa, mai kalwa da garin ɗorawa. Ɓaure. Ceɗiya. Maɗaci. Yaɗiya. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma su yi gawayi. Ƙarangiya, mai manne wa wando.

Ku ji waɗannan huɗu a jere: ɗinya, danya, kanya, kaɗanya. A sake: ɗinya, danya, kanya, kaɗanya. Itatuwa huɗu ne daban-daban. Ɗinya ita ce mai baƙaƙen 'ya'yan nan da ake yin maɗi da su. Danya ita ce mai haifar nunu. Kanya 'ya'yanta ƙanana ne, masu zaƙi in sun nuna, masu bauri in ɗanyu ne. Kaɗanya kuwa daga ƙwararta ake samun man kaɗe. Ɗan Gazara ba zai taɓa rikita su a daji ba. Amma a takarda, in marubuci ya yi sakaci da lanƙwasa, ya kuma yi sakaci da wasali, ɗalibin da ya tashi a birni ba shi da hanyar ganewa. Haka kaba, ganyen goriba da ake saƙa tabarma, da ƙaba, ciwon da ke kumbura jiki. Lanƙwasa ce kaɗai tsakaninsu.

Waɗannan baƙaƙe ba yau aka fara neman yadda za a rubuta su ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Turawan farko wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin baƙi, wasu su rataya masa waƙafi a sama. Ƙamusun Bargery na 1934 da waƙafin sama ya fito. A shekarun 1930 ne, a nan Zariya, ƙarƙashin hukumar talifi da Rupert East ke jagoranta, aka karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta kai su lungu-lungu. An yi taro a Bamako a 1966, an yi wani a Yamai a 1980, duk don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe. Bambancin da ya rage ƙarami ne: a Nijar 'ya ma lanƙwasa gare ta, a Nijeriya kuwa waƙafin sama ake sa mata.

Saboda haka uzurin da ake bayarwa, wai waya ba ta da su, ya ƙare. Yawancin wayoyin zamani suna karɓar allon rubutun Hausa. A shiga wurin saitin harshe, a zaɓi Hausa, baƙaƙen za su fito. Wanda bai iya ba, ya miƙa wa yaro, minti biyu ya isa. In kuwa na'urar ta ƙi, to a sa waƙafin sama kusa da baƙin, irin na mutanen da. Ya fi a bar shi tsirara.

Akwai wani abu da lanƙwasa ba ta magance ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya. Ba ya kuma nuna tsawon wasali. Shi ya sa dawar tuwo da dawan da mafarauta ke shiga rubutunsu ɗaya. Kukar miya da kukan yaro, haka. Rama ta kwaɗo da rama ta rashin lafiya, haka. Akwai ɗan itacen daji mai 'ya'ya masu tsami da ake kira tsada, ga kuma tsadar kasuwa. A nan ajami ya ɗan fi boko, domin malaman da ke rubuta laƙani da ajami suna nuna dogon wasali. Mai rubutun boko dabararsa ita ce ya ƙara kalma ɗaya a farkon ambato. Ya ce itacen kuka. Ya ce ganyen rama. Ya ce 'ya'yan tsada. Kalma ɗaya ta kore shakka.

Wannan ke nan. Yanzu kashi na biyu: babban baƙi da ƙaramin baƙi.

Ku dubi allunan masu sayar da magani a bakin kasuwa, ko rubuce-rubucen da ake yaɗawa a Facebook. Za ku ga an rubuta Zogale da babban baƙi a tsakiyar jimla. An rubuta Tafarnuwa, an rubuta Citta, duk da manya. Mai rubutun yana ganin ya girmama tsiron ne. Ƙa'ida ba ta ce haka ba. Sunan tsiro gama-garin suna ne, kamar akuya, kamar fartanya. Da ƙaramin baƙi ake fara shi, sai fa in shi ne ya buɗe jimla. A sake faɗa: zogale, tafarnuwa, citta, da ƙaramin baƙi.

Inda babban baƙi ke shigowa shi ne in akwai sunan gari, ko ƙasa, ko al'umma a cikin sunan. Dankalin Turawa: dankali ƙarami, Turawa babba. Bagaruwar Makka, wanda tsohon suna ne na zogale: bagaruwa ƙarami, Makka babba. Gyaɗar nan da manoma ke kira 'yar Dakar: Dakar babban birnin Senegal ne, don haka babba. Masara kuwa, ko da yake masana na danganta sunanta da ƙasar Masar, ta riga ta narke ta zama kalma guda. Ƙarami za a sa mata.

Sai kuma lokacin da tsiro ya ba wuri sunansa. Mutanen Kudan sun san garin Doka. Mutanen Zariya sun san Ƙofar Doka. A ƙasar Maƙarfi akwai Nasarawan Doya. A Kaduna akwai Unguwar Rimi, a Katsina akwai ƙaramar hukumar Rimi, a Sakkwato akwai filin wasa na Giginya. Duk waɗannan sun zama sunayen yanka, babban baƙi suke ɗauka. Mutum zai rubuta cewa ya ga itacen doka a hanyar Doka. Na farko ƙarami, na biyu babba.

Itacen doka ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shi ne itacen da ya mamaye dazuzzukan wannan yanki na ƙasar Zazzau kafin gatari da garma su ci yawancinsu. Da masana tsirrai na Ingila suka zo ba shi sunan kimiyya, sunan Hausa suka ɗauka. Suka kira shi Isoberlinia doka. Yau duk ɗalibin ilimin daji, a Jamus yake ko a Japan, in ya rubuta sunan wannan itace, kalmar Hausa yake rubutawa. Haka iburu, ɗan'uwan acca, sunansa na kimiyya Digitaria iburua. Haka ciyawar gamba ta zana da jinka, da sunanta na Hausa aka san ta har Ostireliya, inda aka kai ta don kiwo ta zame musu annoba. Duniya ta rubuta sunayenmu da kulawa. Bai dace masu harshen su zama su ne masu rubuta su yadda suka ga dama ba.

Kashi na uku: raba kalma da haɗa ta. Wannan ba zai ɗauki lokaci ba.

Sunaye da yawa kalma biyu ne da ɗan baƙin nan, na ko ra, ya ɗaure. Gwandar daji. Nonon kurciya. Namijin goro. Lemun tsami. Ɗan baƙin yana manne da kalmar farko, ba a raba shi, ba a rataya masa waƙafi. Kalma ta biyu kuma tana tsaye ita kaɗai. Gwandar, a bar fili, daji.

Wasu sunayen kuwa magana ce guda aka dunƙule ta zama suna. Zurma ana ce mata cika-gida. Zaƙami ana ce masa haukata-yaro, kuma wanda ya san illarsa ya san dalili. Akwai bi-ni-da-zugu da ake shinge da shi. Akwai goga-masu. Akwai wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Irin waɗannan da karan ɗori ake haɗa su, wato ɗan gajeren layin nan na tsakanin kalmomi. Karan ɗori yana gaya wa mai karatu cewa wannan suna ne guda, kada ya karanta shi a matsayin jimla.

Dogon yaro ya fi ba editoci wahala. In an rubuta cewa dogon yaro ya faɗi a bakin hanya, mutum ne ko itace? Wasu jaridu suna haɗe shi kalma ɗaya. Wasu suna sa karan ɗori. Wasu suna barinsa a rabe. Ra'ayin wannan shiri shi ne karan ɗori ya fi, domin ma'anar sunan ta riga ta bar ma'anar kalmomin. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne, duk wanda edita ya zaɓa, ya tsaya a kansa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Kada a ga salo uku a littafi ɗaya. Sai kuma dashi, itacen nan da ake kafa shinge da shi. Kun ji su a jimla ɗaya: dashi a haɗe, itace; da shi a rabe, kalma biyu.

Masu sauraro, yanzu aka zo wurin da ya fi nauyi. Kashi na huɗu: tsiro ɗaya, suna da yawa. Wanda ke wani aiki ya ɗan dakata.

Ƙasar Hausa faɗi gare ta, kuma kowane yanki da karin harshensa. Itacen nan mai ɗaci da aka kawo daga Indiya, wani ya ce darbejiya, wani ya ce dogon-yaro, wani ya ce bedi, wani ya ce maina. Abin da Zazzagawa ke kira kuɓewa, Sakkwatawa guro suke ce masa. Wani ya ce bagaruwa, wani ya ce gabaruwa. Wani kalgo, wani kargo. A Nijar in an ce hatsi, gero ake nufi, a nan kuwa hatsi ya haɗa dawa da gero da masara. Wanda ya fi rikitarwa shi ne gujiya. A nan yankin, gujiya ko gurjiya ita ce mai ƙwaya ɗaya ƙulu-ƙulu da ake dafawa da ɓawonta. A Sakkwato da Maraɗi kuwa, in an ce gujiya, gyaɗa ake nufi. Ɗan kasuwar da ya rubuta wa abokin cinikinsa na Maraɗi cewa yana son buhu goma na gujiya, ya kamata ya san wadda za a loda masa.

To yaya mai rubutu zai yi? Ya fara da sunan da ke cikin daidaitacciyar Hausa, wanda zai samu a ƙamus, misali Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Sannan ya kawo sunan yankinsa kusa da shi, ya faɗi inda ake faɗar haka. Kada ya goge sunan gida don ba ya cikin ƙamus. Sunan da tsohuwa a Gazara ke kiran wani haki da shi dukiya ce. Wataƙila a cikinsa ne kaɗai aka adana amfanin hakin, ko haɗarinsa. In ya ɓace, ba ya dawowa.

Ga ɗaya gefen matsalar, kuma shi ne mai haɗari. Bahaushe yakan ɗauki sunan tsiron da ya sani ya ba wani tsiron daban, ya ƙara masa kalma. Gwanda daban, gwandar daji daban. Goro daban, namijin goro daban. Rogo daban, rogon daji daban. Maɗaci babban itace ne da ake jiƙa sassaƙensa. Maɗacin ƙasa kuwa, wanda wasu ke kira duman dutse, ɗan tsiro ne mai yaɗo, ba su haɗa dangi da maɗaci ba ko kaɗan. Mai rubuta takardar magani in ya ga wuri ya yi masa kaɗan, ya yanke kalma ta biyu, to ya sauya magani. A sake faɗa: wanda ya yanke kalma ta biyu ya sauya magani.

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba yana ba mata haɗin magani da ya ƙunshi saiwoyi daga ƙasar Sin. Akwai tsirrai biyu da sunayensu na Sinanci suka yi tarayya a kalmomi biyu, fang ji, kalmar farko ce kawai ta raba su. Aka kawo ɗaya a madadin ɗaya. Wanda aka kawo ɗin yana da guba mai cin ƙoda. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace. Da yawa sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Tsiron da ya yi wannan ɓarna daga dangin da masana ke kira Aristolochia yake. Maɗacin ƙasa namu ma daga wannan dangi yake.

Don haka masu haɗa maganin gargajiya a ƙunsa a kwalba ko a leda, wannan magana taku ce. Ku rubuta suna cikakke. Ku rubuta sashen da aka yi amfani da shi, saiwa ce, ko sassaƙe, ko ganye. Hukumar NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan magunguna, kuma mai neman rajista dole ya bayyana abin da ya zuba a ciki. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, ku ma taku ce. Gobe za a kawo muku mara lafiya a ce ya sha jiƙo. Ku tambayi sunan abin da aka jiƙa, ku tambayi garin da mai ba da maganin ya fito, ku rubuta duka a kati yadda aka faɗa. In da hali a kawo ragowar a gani.

Wannan ya kai mu kashi na biyar: sunan kimiyya.

Mutum ɗaya a gida ana ce masa Ɗanjuma, a kasuwa Alhaji, a majalisa wani laƙabin daban, amma a katin ɗan ƙasa sunansa ɗaya ne. Sunan kimiyya shi ne na katin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa tsarin a littafinsa na 1753. Kowane tsiro kalma biyu, da Latinanci. Ta farko sunan dangi, ta biyu sunan shi kansa tsiron a cikin dangin. Kuka, Adansonia digitata. Tsamiya, Tamarindus indica. Zogale, Moringa oleifera. Ƙa'idar rubutunsa ba ta da wuya. Kalmar farko babban baƙi. Ta biyu ƙaramin baƙi, ko da sunan mutum ne ko na gari. A na'ura ana buga shi da rubutun tsutsa, wato wanda ya ɗan kishingiɗa. Da hannu kuwa sai a ja masa layi a ƙasa. Sau ɗaya ya isa, a farkon ambato, kusa da sunan Hausa. Bayan haka a ci gaba da sunan Hausa.

Mutumin da ya fara aikin haɗa sunayen Hausa da na kimiyya a littafi guda likita ne, ɗan ƙasar Sikotilan, John Dalziel. Ya yi aikin likita a Arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa. Ya tara tsirrai a ƙasashen Sakkwato da Kwantagora da Katagum da Yola. A 1916 ya fitar da ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa. A 1937 ya fitar da babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda Burkill ya faɗaɗa daga 1985 a lambun Kew na Ingila. An karrama shi da itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi: sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii. Ku lura, dalzielii da ƙaramin baƙi, duk da sunan mutum ne. Ɗorawa ma tana ɗauke da sunan matafiyin nan Mungo Park, Parkia biglobosa. Amma a tuna, sunayen da Dalziel ya rubuta daga bakin manoma da mafarauta da masu magani da mata masu tsintar ganye ya ji su. Iliminsu ne, ko da littafin bai ɗauki sunayensu ba.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, rubutun Dalziel na zamaninsa ne. Inda yau ake sa ca, shi ch yake sawa. Ɗaliban jami'a da yawa suna kwafo irin wannan tsohon rubutu cikin kundin bincikensu, ba lanƙwasa, ba gyara, wani ya kwafa daga wani. Sai ka ga Bahaushe ya rubuta sunan ceɗiya yadda ko kakarsa ba za ta gane ba. A ɗauki ilimin tsohon littafi, a rubuta sunan da ƙa'idar yau.

Na biyu, sunan kimiyya ma yakan sauya. Kaɗanya an daɗe ana kiranta Butyrospermum, yanzu Vitellaria paradoxa ce. Gawo da bagaruwa da dakwara duk a dangin Acacia aka san su. Gawo ya koma Faidherbia albida. Bayan taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005, da na Melbon a 2011, aka bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia senegal. Masana da dama na Afirka ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma suna da hujja, amma shi ake bi. Wanda ke shakkar sunan wani tsiro kada ya yi kirdado. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai ma'adanar busassun tsirrai a sashen nazarin tsirrai. Masu bincike suna kai reshe da ganye da fure, a gwada da abin da ke ajiye, a ba su suna da lamba. Daga Gazara zuwa Samaru ba tafiyar kwana ba ce.

Kashi na ƙarshe na manoma ne: sunan iri.

Irin gargajiya sunansa na Hausa ne, ƙa'idarsa ita ce wadda aka faɗa. Dawa kaura, dawa farfara, wake kanannado, duk da ƙaramin baƙi. Ingantaccen iri kuwa yana zuwa da suna da lamba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana fara sunayen irinta da SAM, wato Samaru. SAMMAZ masara. SAMSORG dawa. SAMPEA wake. SAMNUT gyaɗa. SAMCOT auduga. Shinkafa kuwa FARO, misali FARO 44 da manoma ke kira sipi. A littattafan kimiyya sunan iri yana zuwa bayan sunan Latinanci, da babban baƙi, a tsaye ba da rubutun tsutsa ba, tsakanin alamar zance guda-guda.

Abin da ya shafi manomi shi ne lambar. Lambar tana cikin suna. Wani irin mai saurin nuna ne, wani mai jure wuta-wuta, wani na yanki mai yawan ruwa. SAMPEA 20-T, da aka amince da shi a 2019, wake ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanso. Wani manomin shi yake nema. Wani kuma ba ya so. Kowannensu yana da haƙƙin ya san abin da ya saya. Mai shagon da ya zuba iri a leda ya rubuta wake kawai, ko ya rubuta SAMPEA ba lamba, ya tauye wannan haƙƙi. Manomi, ka nemi a rubuta maka suna da lamba a rasit, ka adana takardar buhun har kaka. In iri ya yi kyau, ka san abin da za ka sake nema. In bai yi ba, kana da abin nunawa.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa, sai kira. Malaman Hausa da malaman aikin gona na makarantun Gazara da Ikara da Kudan, ku ba ɗalibai aikin gida: kowa ya zauna da kakansa ko kakarsa, ya rubuto sunan tsiro goma, da lanƙwasarsu, da amfaninsu, da unguwar da aka ji sunan. Ku tara su a littafi ɗaya, ku ajiye a ofishin makaranta. Masu buga takardu da masu rubuta alluna na Maƙarfi da Hunƙuyi, kafin ku buga sunan tsiro, ku karanta wa mai aikin da babbar murya ya tabbatar.